Kalmar Sirrin Malam Ya'u

Saura wata biyar Malam Ya'u ya yi ritaya lokacin da Sharhabil ya rubuta memo na uku, wato takardar gargaɗi ga Darakta.

Ofishin yana Doka a Kaduna, wani bene mai hawa biyu da fentinsa ya koɗe. A nan ake ajiye fayilolin ma'aikata: ranar da aka ɗauki mutum aiki, ƙarin girmansa, ranar da zai ajiye aiki. Shekara talatin da huɗu Malam Ya'u ya yi a rajistar wurin, ba a taɓa ba shi takardar tuhuma ba. Shekaru shida da suka wuce aka sa shi ya ɗauki hoton kowace takarda ya zuba a babbar kwamfutar ofis, wadda ake kira saba. Ya zauna ya yi, shafi bayan shafi, yana buga sunaye da yatsa biyu. Da ya gama, aka kwashe takardun aka jibge a wani sito mai yoyo. Damina biyu, ruwa da gara suka gama da su. Babu wanda ya damu, tunda an ce komai yana cikin kwamfuta.

Da aka mayar da Juma'a ranar aiki daga gida, sai aka kira wani ɗan kwangila ya buɗe wa sabar hanyar shiga daga nesa. Malam Ya'u yana zaune a gidansa a Rigachikun, sai ya kunna tsohuwar laftof ɗinsa, ya sa sunansa da kalmar sirri, fuskar sabar ta bayyana a gabansa kamar yana cikin rajista. Ɗan kwangilar ya gama ya tafi da makullin komai. Ƙofar da ya buɗe kuwa, ba ga Rigachikun kaɗai ta buɗe ba. Duk wanda ke da intanet a faɗin duniya yana iya zuwa bakinta ya gwada sa'arsa.

Wannan shi ne abin da Sharhabil ke ta rubutawa. Shekararsa ɗaya da wata goma da kama aiki a matsayin jami'in kwamfuta, saura wata biyu a tabbatar da shi. Ya karanci harkar a jami'a, ya iya ta, kuma ba shi da haƙuri ko kaɗan.

"Injiniya, yau kuma wace duniyar ce za ta tashi?" in ji Hajiya Balaraba, sakatariyar Darakta, tana karɓar takardar ba tare da ta duba ba. Gyaɗa take ɓarewa a kan wata tsohuwar kalanda.

"Hajiya, don Allah wannan karon ki sa ta a sama."

"Waccan ma a sama na sa ta. Har yanzu tana saman."

"Mutum nawa ne suka san kalmar sirrin Baba Ya'u a ofis ɗin nan?"

"Wacce? Harira?" Ta yi dariya. "Har mai shara ya san Harira."

Harira sunan 'yar Malam Ya'u ta fari ne. Sunanta da shekarar haihuwarta, su ne kalmar sirrin. Da ita Darakta ke shiga, don ya ce shi ba zai iya riƙe wata sabuwa ba. Da ita Hajiya Balaraba ke shiga, da ita mataimaka biyu da wasu ma'aikatan ke shiga. An mayar da ita kamar butar alwala ta ofis, kowa ya ɗauka ya mayar.

Sharhabil ya sauka rajista. Malam Ya'u, dattijo siriri mai furfura a gemu, yana goge tabaronsa da bakin riga.

"Baba, ka canza ta yau. Minti ɗaya ne. Ni zan tsaya maka."

"In canza in ba wa?"

"Kada ka ba kowa."

Malam Ya'u ya dube shi ta saman tabaro. "Ɗana, Darakta ya kira ni ranar Juma'a ya ce ta ƙi buɗewa, in ce masa me? In ce Yallaɓai na canza, kuma ba zan faɗa maka ba? Ka ji yadda maganar ta yi a kunnenka?"

"Sai a yi masa tasa."

"To ka sa a yi masa tasa tukun. Ni shekara talatin da huɗu ban taɓa rufe wa na gaba da ni durowa ba. Ba zan fara ina saura wata biyar ba. Zo ka sha shayi, fuskarka kamar an aiko ka da saƙon mutuwa."

Memo na uku ya dawo bayan kwana tara. A gefensa Darakta, Alhaji Tukur, ya rubuta da koren biro: A tattauna. Sharhabil ya shiga don a tattauna ɗin. Ya nemi abu uku: a kira ɗan kwangilar ya rufe ƙofar, a ba kowa sunansa, a ba shi izini a rubuce ya binciki layin ofis da manhaja ta ƙwarai.

Alhaji Tukur mutum ne mai fara'a, ba ya ɗaga murya. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi.

"Sharhabil, shekara nawa da buɗe abin nan?"

"Uku, ranka ya daɗe."

"An taɓa shiga?"

"Ba a shiga ba tukun, amma kullum ana gwadawa. Akwai na'urorin da ba su da aiki sai bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna neman irin wannan ƙofar. Jiya kaɗai an gwada sau dubu huɗu."

"Sau dubu huɗu, kuma ba su shiga ba." Ya yi murmushi. "Ashe ƙofar tamu da ƙwari. Wa zai bar bankunan duniya ya zo neman fayil ɗin masinja a Kaduna? Ka kwantar da hankalinka. Allah na tsarewa."

Sharhabil ya fito. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba mugunta ba ce. Da mugunta ce da ya san da wa yake faɗa. Mutanen kirki ne, masu zuwa gaisuwar mutuwa da suna, waɗanda suka yanke shawara cewa abin da bai faru jiya ba ba zai faru gobe ba, kuma duk wanda ya ce zai faru ɗan iyayi ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana ɗakinsa a gidan yayansa a Unguwar Dosa, ruwa na zuba a kan kwano, ya yanke shawarar zai nuna musu da idonsu. Tunda ba su jin magana, sai su ga hoto.

A guruf ɗin waya na tsoffin 'yan ajinsu wani ya taɓa turo wata manhaja ta lalube. Kana ba ta jerin adireshi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta faɗa maka inda aka bar hanyar shiga daga nesa a buɗe. Ta sayarwa ce, amma an fasa ta ana rabawa kyauta. Da ya sauke ta, manhajar tsaron laftof ɗinsa ta yi ja, ta ce kada ya buɗe. Ya san abin da hakan ke nufi. Shi da kansa ya sha yi wa mutane faɗa a kan irin wannan. Ya ce a ransa ai duk fasasshiyar manhaja haka ake yi da ita, ya kashe tsaron.

Ya sa adireshin ofis. Cikin daƙiƙa biyar ta nuna ƙofar a buɗe. Sai zuciya ta ɗebe shi ya faɗaɗa, ya sa adireshi dubu na kusa da nasu, don ya gani ko su kaɗai ne. Ta fito da talatin da ɗaya: wani asibitin kuɗi, makarantu biyu, wani otal, sauran bai san ko na waye ba. Babu wanda ya ba shi izinin taɓa ko ɗaya.

A ƙasan manhajar akwai gurbi biyu: suna da kalmar sirri, don a gwada ko ƙofar za ta buɗe. Abin da yake buƙata ke nan, hoton sabar ofis a buɗe daga ɗakinsa. Ya rubuta sunan Malam Ya'u. Ya rubuta Harira da shekararta. Ta buɗe. Ya ɗauki hoto ya rufe, yana jin daɗi kamar wanda ya ci shari'a.

Ranar Litinin ya kai hoton da memo na huɗu. Hajiya Balaraba ta ce Darakta ya tafi taron bita Abuja, sai mako mai zuwa.

"Ajiye a nan, Injiniya. A sama."

Litinin ta gaba, ƙarfe takwas da kwata, Malam Ya'u ya leƙo ofishinsa.

"Ɗana, zo ka duba mini. Fayilolin sun yi fari."

Duk fayil ɗin da aka taɓa ba ya buɗewa. Sunayen suna nan, amma an liƙa wa kowanne wasu haruffa a ƙarshe. A tsakiyar allo akwai wasiƙa da Turanci: an kulle komai, a biya kuɗin fansa cikin kwana bakwai ko a rasa. Sharhabil ya ruga wurin faifan da ake ajiye kwafi. Yana nan a maƙale a jikin sabar, inda ɗan kwangila ya bar shi shekara uku. Shi ma an kulle shi.

Fayil dubu goma sha ɗaya. Malam Ya'u ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora hannu biyu a gwiwa.

"Za su dawo?"

"Ban sani ba, Baba."

"Akwai mutum arba'in da za su ajiye aiki watan gobe. Takardunsu na ciki."

Ya ci gaba da kallon allon.

Ba a biya ba, ba a kuma dawo da komai ba. Hedikwata ta turo kwamiti na mutum uku. Suka sa aka buga musu rajistar shiga ta sabar, inda take rubuta duk wanda ya shigo da lokacin da ya shigo. Ta nuna cewa ranar Asabar da hantsi an shiga da sunan Malam Ya'u daga wani adireshi na ƙasar waje. Kuma ba a yi ta gwaji ba. Sau ɗaya aka rubuta kalmar sirrin, daidai.

Shugaban kwamitin ya ce wannan ba fasa ƙofa ba ne, makulli aka miƙa. Suka kira Malam Ya'u suka tambaye shi wa ya ba. Alhaji Tukur yana zaune a gefe yana kallon carbinsa. Malam Ya'u ya dubi Darakta, ya dubi ƙasa, ya ce shi bai sayar wa kowa ba. Suka ce ba haka aka tambaye shi ba. Ya sake cewa bai sayar wa kowa ba. Suka kira sauran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Mutum bakwai da ke shiga da Harira kullum, babu wanda ya tuna ya taɓa jin ta. Da aka zo kan Sharhabil, tambaya ɗaya aka yi masa: shin ana iya dace da kalmar sirri a gwaji na farko? Ya ce da wuya. Aka ce ya je.

Aka dakatar da Malam Ya'u bisa zargin haɗa baki da ɓarayi. Kwamiti ya ba da shawarar a kore shi.

Wannan "sau ɗaya, daidai" ita ta hana Sharhabil sukuni. Shekara uku ana gwaji ba a dace ba, sai kwana takwas bayan nasa gwajin. Ranar Asabar da safe ya ari wata tsohuwar laftof, ya zuba manhajar a ciki, ya sa wata na'urar a tsakani don ya ga duk abin da ke fita. Ya rubuta sunan ƙarya da kalmar ƙarya ya danna. Kafin ma ta gwada ƙofar, sai da ta fara tura sunan da kalmar da jerin adireshin zuwa wani wuri. Ya kwatanta adireshin wurin da wanda ke cikin rajistar sabar. Lambobi uku na farko iri ɗaya ne.

Ya tashi ya fita tsakar gida ya tsaya. Matar yayansa na tankaɗe, ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya. Ya koma ya sake gwadawa, ko ya yi kuskure. Bai yi ba. Wanda ya fasa manhajar ya raba ta kyauta ne don masu zafin kai irinsa su yi masa yawon neman ƙofofi. Shi ya kai musu adireshin ofis, ya kai musu na mutum talatin da ɗaya da ba su san shi ba, ya kuma miƙa musu Harira da hannunsa.

Kwana uku bai faɗa wa kowa ba. Ya yi ta gaya wa kansa cewa ko ba shi ba, wata rana sai an shiga. Gaskiya ne. Ya ce shi ya yi gargaɗi sau uku. Wannan ma gaskiya ne. Amma kujerar Malam Ya'u tana nan a rajista babu kowa, da kofin shayinsa a kife a kan taga.

Ranar Laraba ya rubuta komai a shafi biyu, ya haɗa da kwafin memo huɗun, ya wuce Hajiya Balaraba ba tare da ya tsaya ba, ya shiga wurin Darakta ya miƙa masa hannu da hannu.

Alhaji Tukur ya karanta a hankali. Ya juya ya ga memo ɗin, ya ga koren bironsa a gefen na uku. Ya tashi ya tura ƙofa da kansa.

"Wa ya ga wannan?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"Madalla. Zauna." Ya zauna shi ma. "Kai yaro ne mai gaskiya, na yaba. Amma ka san me ka rubuta? Ka rubuta cewa ka shiga na'urar gwamnati ba da izini ba, ka kuma lalubi na mutane talatin. Ba a ma tabbatar da kai ba. Takarda ɗaya za a rubuta, shi ke nan. Mahaifiyarka tana Zariya ko? Wa ke duba ta?"

"Yallaɓai, Baba Ya'u bai sayar da komai ba."

"Na sani. Kowa ya sani. Za a duba masa daga baya, idan ƙura ta lafa. Ni da kaina zan yi magana. Yanzu kwamiti ya riga ya miƙa rahoto. Kuma muna buƙatarka, wa zai gyara mana abin nan?" Ya buɗe durowa ya saka takardar ya rufe. "Ka je ka yi aikinka."

Sharhabil ya fita. Abin kunyar shi ne ya ji sauƙi. Ya faɗa, an ƙi ji, nauyi ya sauka daga kansa. Da wannan sauƙin ya yi kwana biyu, sannan ranar Asabar ya hau motar Rigachikun daga Kawo.

Gidan yana bayan kasuwa, an kewaye shi da bulo ba fulasta, masara ta yi tsayi a fegin da ke gefe. Yaran unguwa suka nuna masa. Matar gidan, Hansai, ta amsa sallamarsa daga bayan ƙyaure, muryarta a dushe.

"Daga ofis? In wata takardar ce ku ajiye a nan. Ya isa haka."

"Ba takarda ba ce, Mama. Sharhabil ne."

Malam Ya'u ya fito da tabarma ya shimfiɗa a zaure. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Suka gaisa, ya tambayi mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya da sunansu, har Darakta.

"Ka ga ban fita ba," in ji shi. "Maganar ta riga ni isowa gida. A nan cewa ake na sayar wa 'yan damfara sirrin gwamnati. Shekara goma sha biyu makullin masallacin unguwa yana hannuna. Ranar Talata Liman ya aiko a karɓa, wai a rage mini wahala. Harira ta kira daga gidan mijinta tana kuka, an ce da sunanta aka yi satar."

Sharhabil ya faɗa masa. Bai rage komai ba, har kashe tsaron laftof da ya yi. Yana magana yana kallon saƙar tabarma. A cikin gida an daina daka.

"Kai ne," in ji Malam Ya'u.

"Ni ne, Baba."

"Kai da kake yi mana wa'azi safe da yamma."

"Ni ne."

Dattijon ya cire tabaro ya riƙe a hannu. Bai yi zagi ba. Sharhabil ya so a ce ya yi.

"Ka faɗa musu?"

"Na rubuta. Na ba Darakta."

"Lamba nawa?"

"Wace lamba?"

"Lambar shiga. An buga mata hatimi a rajista? An rubuta ta a littafi?"

"A'a. Hannu da hannu na ba shi, don kada ta tsaya a hanya."

Malam Ya'u ya yi wata gajeriyar dariya mara daɗi. "Shekara biyu kana ofis, da digirinka. Takardar da ba ta da hatimi ba a rubuta ta ba, ɗana. Hira kuka yi da Darakta. Kai kullum sauri kake, ka tsallake wannan ka tsallake wancan. Ga inda ya kai mu."

"Me zan yi?"

"Ni ba zan ce maka ka yi ba. Na san abin da zai same ka. In za ka yi dai, kwafi uku ne. Ɗaya ga shugaban hukuma ta hannun Darakta, ɗaya kai tsaye ga sakataren kwamiti a rubuta a ƙasa cewa an aika, ɗaya a hannunka. Duka ukun da hatimi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Kada ka bar wurin sai ka ga an rubuta a littafi." Ya mayar da tabaron. "In ba za ka yi ba, kada ka ƙara zuwa gidan nan. Ba don fushi ba. Ba zan iya kallonka ba ne."

Ranar Litinin Hajiya Balaraba ce ke riƙe da rajista, tunda ba a kawo wani ba. Ya ajiye kwafi ukun a gabanta. Ta karanta shafin farko a tsaye, ta zauna ta karanta na biyu.

"Injiniya, kana da hankali kuwa? Ka rubuta cewa kowa ya san kalmar nan."

"Ban sa sunan kowa ba, Hajiya."

"Sai an sa suna? Ni fa na rantse wa kwamiti ban san ta ba." Ta tura takardun gefe. "Hatimin ba tawada."

"Na sayo." Ya fito da kwalbar daga aljihu ya ajiye.

Ta dubi kwalbar, ta dube shi. "Malam Ya'u ne ya koya maka wannan."

Ta daɗe tana juya hatimin a hannu. Daga sama ana jin muryar Darakta yana dariya a waya.

"Malam Ya'u ne ya karɓe ni ranar da na fara aiki," in ji ta, kamar da kanta take. "Ko biro ban zo da shi ba." Ta ɗiga tawadar, ta buga sau uku, ta jawo littafi ta rubuta. "Ɗauki ka fita. Kuma ka daina gaishe ni."

Bayan mako biyu aka sallami Sharhabil daga aiki. Layi huɗu ne takardar. Ba a kai shi wurin 'yan sanda ba, don kai shi yana nufin a karanta memo huɗun a gaban mutane. Kafin ya tafi ya rubuta wa wuraren da ya iya ganewa cikin talatin da ɗayan cewa su rufe ƙofofinsu. Otal ɗin kaɗai ya amsa, da barazanar lauya. Alhaji Tukur kuwa, shi aka naɗa shugaban ƙaramin kwamitin da zai tsara yadda za a kiyaye gaba.

Takardar Malam Ya'u ta ɗauki wata uku. An janye zargin haɗa baki. An same shi da sakaci, saboda bayanin Sharhabil da kansa ya tabbatar cewa kalmar sirrinsa ta fita daga hannunsa. An rage masa mataki ɗaya, an yi masa ritayar dole, saura kwana goma sha tara lokacinsa ya cika. Ba a yi masa walimar bankwana ba.

Hajiya Balaraba ta aika wa Sharhabil ambulan ɗin ba tare da wani saƙo ba, shi ya kai Rigachikun. An girbe masarar, kara kaɗai ya rage. Malam Ya'u ya karanta sau biyu a zaure, yana bin layin da yatsa.

"Sakaci," in ji shi. "To. Wannan na yi. Wancan ne ban yi ba." Ya ninke ta. "An kusa la'asar. Za ka raka ni masallaci. In an sallame ka karanta musu, ka fassara da Hausa. In ni na karanta za a ce na ƙara."

Fiye da wata uku rabon Malam Ya'u da sallah a masallacin. Suka tsaya a sahun baya. Da aka sallame, Malam Ya'u ya miƙe ya ce jama'a don Allah a ɗan dakata, akwai takarda daga ofis. Wasu suka juyo. Wani ya ce yana da kaya a kasuwa. Liman ya ce ana jiransa wurin ɗaurin aure, amma Allah ya sa alheri ne. Aka yi ta neman takalma.

Mutum huɗu suka rage: ladan, wani tela, da tsofaffi biyu, ɗaya ba ya ji sosai. Sharhabil ya karanta da Turanci, ya fassara layi bayan layi, muryarsa na fita da ƙarfi fiye da yadda ɗakin ke buƙata.

"Wato dai an same shi da laifi," in ji telan.

"Ba na sata ba," in ji Sharhabil. "An janye wannan. Ni ne na..."

"Amma an kore shi."

"Ritaya aka yi masa."

"Ta dole, ka ce." Telan ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Allah ya kyauta. Malam, sai haƙuri."

Tsohon da ba ya ji ya matso ya tambayi me aka ce. Malam Ya'u ya karɓi takardar daga hannun Sharhabil, ya zauna kusa da kunnen tsohon, ya fara yi masa bayani daga farko.